Zabin da Na Kai wa Anti Ladi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki zabi biyu daga ƙauyenmu na wajen Ɗanbatta har Kano ba, wai zan gode wa shugabata.

Lokacin ina aikin awon gonaki da waya. Manhaja ce ke turo sunan manomi, in zagaye gonarsa a ƙafa, a ba ni taurari gwargwadon kyan aikina. Kowane saƙo da sunan "Anti Ladi" yake zuwa. Matar nan ta cika ni da al'ajabi. In na yanke hanya don gudun ƙaya, ta ce in sake zagayowa. In na tsaya shan fura, ta ce na makara. Tana zaune a Kano, amma ta san inda iyakar kowace gona ta lanƙwasa. Ranar da tauraro ya ragu tuwo ba ya wuce min, ranar da ta ce "Sannu da ƙoƙari" kuwa har gudu nake a kan kunyoyin gona. (Maiɗakina ta koyi duban fuskata kafin ta yi zancen cefane.)

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ni, aka rufe min aikin. Na rubuta mata doguwar magiya, har da gaida maigida da yara. Washegari aka buɗe. Na ce wallahi baiwar Allahn nan sai na je na gode mata.

Da aka kira mu taro a Kano na sha shaddata, na zauna sahun gaba da kwandon zabina. Ana ba da damar tambaya na miƙe.

"Ranka ya daɗe, wace ce Anti Ladi a cikinku? Ga 'yar tsaraba."

Jami'in da ke jawabi ya sosa ƙeya.

"Malam, ai ba mutum ba ce, na'ura ce. Mu ma ita ke ba mu taurari."

"To wa ya tausaya min ya buɗe aikin?"

"Babu wanda ya karanta saƙonka. Wa'adin rufewar ne ya cika."

Daidai nan zabin suka ɓarke da kuka, jama'a suka taya su da dariya. Ni kuwa ko zama na kasa, ina tsaye ina jinjina abin da ya ƙirga kowane takuna amma bai san ina numfashi ba.

Tun daga ranar, kafin in miƙa wa shugaba zuciyata, sai na tabbatar uwa ce ta haife shi.