Nomau da Tabon Albarushi

A ƙauyen Rafin Ɗinya akwai wani maharbi, Barmo, da ƙanensa Nomau, ƙato har da gemu, wanda duk abin da ka faɗa masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Barmo na neman sarautar Sarkin Baka ido rufe, shi da Cindo mai harbi da kibiya. Shi Barmo da bindiga harbi-ka-ruga yake farauta, sai ya matso dab yake sakin wuta, albarushi ya babbake gashin fata ya bar baƙin tabo. Wanke tabon nan shi ne aikin Nomau, kuma yana sonsa kamar me.

Wata rana Barmo ya miƙa masa fatar barewa. "Ga toka, ga lemon tsami. Duk baƙin da ka gani, goge shi." Nomau ya goge tabon tas. Sai ya hango baƙin layin da Allah ya yi wa barewa a haƙarƙari. Ya ɗauko dutse ya duƙufa yana waƙa, can ya sheƙo da fata kamar rariya. "Yaya, ko ɗigo bai rage ba." Gaskiya ya faɗa, don gashin ma bai rage ba.

Wata rana aka samu fatar gada. Barmo ya ce, "Wannan kada ka goge. Sa ta a ruwa mai gudu, ka bar ruwa ya yi aikinsa." Nomau ya cilla ta tsakiyar rafi, ya dawo hannu rabbana, baki har kunne. "Tana can tana wankuwa, Yaya. Yanzu ta wuce ƙauyen gaba." Barmo ya ji kamar ya fashe da kuka.

Wata rana Barmo ya kashe kurar da ta addabi awakin gari, wadda dattawa suka ce mai kashe ta shi ne Sarkin Baka. Ya ja wa Nomau kunne: "Yau za ka wanke tabon, amma sai a gabana." Kafin a ɗebo ruwa aka kira Barmo gaban dattawa a gindin durumi. Cindo ya kafe kibiyarsa ce ta kashe kurar, Barmo tsintar ta kawai ya yi. Barmo ba mai baki ba ne, haushi ya toshe masa kai, dattawa suka fara karkata wajen Cindo.

Sai ga Nomau a guje, ƙwaryar ruwa a ka, fatar kurar a kafaɗa. Ya ratsa taro ya shimfiɗa ta dab da ƙafar wansa. Wani dattijo ya duƙa, ya sa yatsa a hujin harbin, ya shinshina. "Huji ɗaya ne, kuma kibiya ba ta ƙona gashi." Cindo ya sulale, mata suka rangaɗa guɗa.

Nomau ya yanka lemo. "Yaya, juyo ka gani, zan fara." Sabon Sarkin Baka ya faɗa kan fatar rub da ciki. "Wannan tabon, Nomau, bar mini shi."