Jifa Biyu Ga Bahago

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na zubar da ƙungiyarmu ta kurket, wasan jifan ƙwallo da bugu da sanda, a garin Clinton ba, duk da har gobe ina cewa rabin laifin na filin ne.

Filin nan karkatacce ne. Gefe ɗaya iyakarsa da nisa, ɗayan kuwa ko tsohuwa ta buga ƙwallo sai ta tsallake shinge, maki shida kyauta. Dabarar kowa ɗaya ce: jefa nesa da ƙafar mai bugu, dole ya buga ta gefe mai nisa. Na haddace ta tsaf.

Wata uku ina zaman benci cikin 'yan Pakistan ɗin da suka cika ƙungiyar, ina cika musu baki cewa ni ne dodon jifa a sakandare a Zariya (wasa biyu na taɓa yi, amma wa ya tambaya?). Ranar kyaftin ya miƙo min ƙwallo a jifa shidan ƙarshe, muna gaba da maki goma sha ɗaya. Ya ce in na riƙe wasan, na bar benci ke nan. Matata tana zaune a bakin fili, ni na gayyato ta.

Sai ga mai bugu bahago. Kyaftin ya rugo ya ce, "Wannan a ƙafa za ka jefa masa, gefensa ya juya."

Ni za a koya wa? A makarantarmu babu bahago ko ɗaya, tun daga gida an gyara musu hannu. Na ɗaga masa hannu na ce ya koma wurinsa.

Na jefa nesa da ƙafa. Kau! Ta tsallake gajeren shingen. Kyaftin ya dafe kai. Na ce sa'a ce kawai, na sake jefawa nan ɗin dai. Wannan har cikin motocin mutane ta faɗa. Jifa biyu, wasa ya ƙare. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

A mota matata ta ce, "Baban Hanifa, sauran jifa huɗun fa, sai yaushe?"

Na koma benci, kuma ina nan daram kowace Lahadi, ba wanda ya isa ya kore ni. Abin da na ƙaru da shi dai, yanzu kafin in raina mutum sai na duba da wane hannu ya riƙe sanda.