Bangon da Kuka Hana Tsiyaya

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Kamfanin Dogon Duwatsu da Yawon Shaƙatawa,
Hawa na Biyar, Babban Birni.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta cancanci mutumin da hotonsa ke rataye a kowace tasha tun daga gindin dutse har ƙololuwa, ina fatan kana lafiya, kai da kujerarka. Sunana Vukota Radan, daga ƙauyen Lisova. Ba ka san ni ba, amma ka san gudumata: ita ce a ɗakin tarihi na tashar sama, an rubuta a ƙarƙashinta wai "Kayan aikin mutanen da." To, mutumin na da yana nan da ransa, shi ne ke rubuto maka. Shekara talatin da huɗu ina taka layin jirgin ƙasanku da ƙafa, kilomita goma sha ɗaya zuwa, goma sha ɗaya dawowa, ina ƙwanƙwasa ƙarfe ina saurare, kafin ku sallame ni da agogon bango. Wasiƙa huɗu na aiko a rufe, shiru. Shi ya sa na biyo ta jarida, don an ce kana karantawa, musamman ranar da aka ambace ka.

Na ɗaya, ina jinjina muku a kan fenti. Kai, madalla! Gada ta sha fenti, kusoshi sun sha, har ruɓaɓɓen katakon da ke ƙarƙashin ƙarfe bai tsira ba. A zamaninmu na jahilci, kusar da ta kwance ɗaure ta muke yi. Ashe shafa mata baƙi ya fi sauri.

Na biyu, kuma a nan nake roƙon ka gyara zama. A kwana ta bakwai, inda layi ke fitowa daga rami na uku da aka huda a cikin dutse ya lanƙwasa a bakin kwari, akwai bangon dutse mai tsayin gida hawa huɗu. Shi ke riƙe da ƙasar da layin ke kwance a kai. Maginan da suka ɗora shi shekara ɗari da suka wuce, har da kakana, ba su da takardar makaranta ko ɗaya, saboda haka suka bar kafofi sittin da biyu a jikinsa. Idan ƙanƙara ta narke, ruwan da ya taru a bayan bangon ta nan yake fita. Yana tsiyaya, yana barin gansakuka. Injiniyanku Dalibor, mutum mai ladabi da takalmi fes, ya gano cewa gansakuka tana ɓata wa baƙi hoto. Bara ya sa aka cushe kafofin da siminti, aka shafe bangon da fari, aka rubuta sunan kamfani da manyan baƙaƙe. Na tare shi na ce, "Ɗana, ruwan fa, ina zai bi?" Ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, je ka huta, ruwa ba ya cikin zanenmu." Ranka ya daɗe, an kuwa sanar da ruwan? Wa aka aika ya gaya masa? Don ni dai da na kara kunnena a bangon, na ji alamar saƙon bai isa gare shi ba.

Na uku. Mu masu taka layi muna da wata tsohuwar dabara da ba a koyarwa a jami'a. Idan ka ga tsaga a bango, sai ka yanko gilashi faɗin yatsa biyu, ka manna shi a gicciye kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. Bango ya motsa ko da kaurin gashi ne, gilashi zai fashe. Na manna na farko a kan tsagar da ta fito a bangon nan a farkon Maris, ya yi kwana goma sha tara kafin ya fashe. Na biyu ya yi tara. Na uku ya yi uku. Na ƙulle gutsattsarinsa a ƙyalle na kai ofishin tasha, kuma a nan ne kamfaninku ya karrama ni da takardar farko da ya taɓa rubuto mini: gargaɗi a kan zubar da fasasshen gilashi a inda baƙi ke tsayawa. Na gode ƙwarai, rubutun ya yi kyau. Gilashi na huɗu kuwa shekaranjiya da safe na manna shi, na zauna na ci burodi da cuku, ban gama kakkaɓe wandona ba na ji ƙas!

Duk daga tagar kicin ɗin matata Stamena nake yanko su. Jiya ta tsaya a kaina da ludayi ta ce, "Vukota, ka ƙara taɓa mini taga, da wannan ƙaton kan naka zan toshe wurin." Saura gilashi ɗaya a tagar.

Na huɗu, wa ya kawo shawarar jirgi ya riƙa tsayawa minti biyar a kan wannan bangon don a ɗauki hoto? Ina so in san sunansa in yi masa addu'a. Jirgi ya tsaya, mutum ɗari da hamsin su ruga gefe guda, gefen kwari, kowa ya leƙo da wayarsa. Ko ni da na tsufa a kan layin ban taɓa tunanin irin wannan hanyar gwada bango ba.

Na biyar ba ƙorafi ba ne, ranka ya daɗe, kuma a nan ladabina ya kusa ƙarewa. Direban jirgin safe 'yata ce, Zagorka. Ita kaɗai muka haifa. Makon jiya ta ce mini, "Baba, kar ka gaya wa Mama, amma a wurin nan ina jin jirgin yana ɗan karkata hagu, a kujerata nake ji." Ta kai rahoto, aka tuna mata cewa akwai mutum uku da ke jiran kujerar. Ni tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Kullum da safe shayina yana hucewa a hannuna, ba na iya kurɓa sai na ji usur ɗinta daga can bayan kwana ta bakwai.

Ranar Asabar za ku yi bikin cikar layin shekara ɗari. Na ga sanarwa: tarago shida maimakon uku, da 'yan badujala, da kai da manyan baƙinka a taragon gaba, Zagorka a kan tuƙi, da tsayawa ta musamman ta minti goma a kan bangon don ka yi jawabi.

Don haka nake neman izinin sanar da kai inda za ka same ni. Dokar layinku, wadda ba a riga an shafa mata fenti ba, ta ce duk wanda ya ɗaga jan abu a kan layi, dole direba ya tsaya. Jar tutata tana ɗakin tarihi kusa da guduma, amma Stamena ta ba ni jan mayafin teburinta, ta ma goge shi. Zan tsaya a bakin rami na uku, kafin a shiga, inda ƙasa ke da ƙarfi. Zagorka za ta ja birki. Ni na koya mata wannan dokar tun tana hawa wuyana.

Daga nan sai ka yi mini alfarma ka sauko, mu ratsa ramin da ƙafa, taku ɗari uku ne. Zan zo da gilashin ƙarshe na tagar, ka manna shi da hannunka mai albarka. Zan zo da burodi da cuku na mutum biyu. Idan muka gama ci bai fashe ba, ka kira 'yan sanda, ni zan miƙa musu hannu. Idan ya fashe, ka aika a ɗauko mini gudumata, sake buɗe kafofi sittin da biyu aikin kwana biyu ne.

Ko ya fashe ko bai fashe ba, na san kana iya korar Zagorka saboda ta ɓata maka biki. In ka yi haka, ba zan rubuto wasiƙa ta shida ba. Za ta dawo gida da ƙafarta, uwarta ta zuba mata miya, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Naka mai biyayya, wanda ba ya cikin zane,

Vukota Radan,
Tsohon mai taka layi,
Gida na ƙarshe kafin gada, mai tagar da aka liƙe da kwali,
Lisova.