Yadda Za Ka Ci Musun Shekarun Shan Giya a Filin JFK

Idan kai direban tasi ne, kana shafe awa uku a filin jiran fasinja na tashar jiragen sama ta JFK, kuma ka gaji da a riƙa kayar da kai a musu, to ga magani. Maganar da ake yayi yanzu ita ce: a bar shekarun shan giya a ashirin da ɗaya, ko a sauko da su sha takwas? Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai sake ɗaga maka murya. A gabana aka gwada su.

1. Kada ka san komai game da giya

Wannan shi ne jarinka. Ba ka taɓa sha ba, ba ka taɓa riƙe kwalbarta ba, in ka zo gifta ta a kanti kawar da kai kake yi kana a'uziyya. Madalla. Wanda ya san abu yakan tsaya tunani kafin ya yi magana. Kai kuwa ba abin da zai riƙe maka baki.

2. Kada ka bari abokin musu ya dire

Barmo, mutumin Maraɗi, shi zai fara: "Bon, yaro ɗan dix-huit ans, sha takwas kacal, a ba shi bindiga ya tafi yaƙi, ya jefa ƙuri'a, amma gwangwani ɗaya a ce sai ya jira shekara uku?"

Miƙe tsaye, buga bayan motar wani, ba taka ba, ka ce: "Ashirin da ɗaya ma ta yi kaɗan! A kai ta arba'in!"

Shi ma Barmo bai taɓa ɗanɗanawa ba. Babu ɗan majalisar da ya san da zamanku, rabin masu ihun ma ba su da ƙuri'a. Kada wannan ya sanyaya maka gwiwa.

3. Kafa hujja da gidanka

Ce musu: "Ku dubi Aziz ɗina. Shekara sha tara, daga makaranta sai gida." Maimaita sau uku kana dukan ƙirji. Rabonka da cin abinci tare da shi tun ƙaramar salla, amma wa zai bincika?

4. Yi maganin waya

Ana tsaka da musu matarka Nafissa za ta kira: "Baban Aziz, yaron nan fa ya canza. Ya daina zuwa aji, wuni yake a ɗaki a kulle. Don Allah ka zo ku zauna."

Ce mata, "Ina kan layin ɗaukar fasinja, an kusa kirana," ka katse. Shi ma Aziz zai turo saƙo da Turancinsa, wai yana son magana da kai. Tura masa hoton babban yatsa. Ai ka amsa.

5. Shayar da jama'a

Babban mutum in ya yi nasara yakan yi walima. A firjin gidanka na Soundview, can bayan tukunyar miyar kuka, akwai wasu siraran gwangwanaye masu hoton mangwaro da kankana. Wata uku kana ganinsu, su ƙare, su dawo, har kana yaba wa yaron da son kayan marmari. Washegari kwashe su a kula, ka kai fili, ka raba bayan sallar azahar. Kana miƙawa kana sanarwa da ƙarfi, har sau uku: "Na Aziz ne. Shi ba ya shan komai sai wannan."

6. Kada ka ba Abukari

A nan ake yin kuskure, kuma za ka yi shi. Abukari ɗan Kumasi ne, ya shekara shida yana jera kaya a firjin wani kanti a Morrisania kafin ya kama tuƙi. Ba zai buɗe ba. Zai juya gwangwanin, ya dube ka, ya sake duban gwangwanin.

"Chale, Alhaji, wa ya ba ka wannan? Giya ne fa. Five percent, ga shi nan an rubuta."

Barmo zai fesar da na bakinsa a kan takalminka. Dattawa shida za su ruga famfo suna kurkure baki suna istigfari, sannan su fita daga layin da suka shafe awa uku a kai, don ba mai gangancin ɗaukar fasinja yana warin abin. Ba wanda zai jira ka faɗi inda ka samo. Ai ka riga ka faɗa, da ƙarfi, sau uku.

7. Sauya sheƙa

Yanzu hanya biyu ce a gabanka. Ta farko, ka tada mota ka tafi gida, ka ƙwanƙwasa ƙofar yaron, ka zauna a bakin gadonsa ka ce, "Aziz, me ke damunka?" sannan ka yi shiru ka saurara. Wannan tana da wuya, kuma ba ta cikin darasinmu.

Ta biyu, gyara zaman hularka, ka yi gyaran murya: "Ni fa da na sake nazari, maganar Barmo tana kan hanya. Sha takwas ta isa."

Shi ke nan. Ɗanka ya tashi daga mai karya doka ya koma wanda doka ta zalunta, kai kuma ka ci musu ta ɓangare biyu cikin kwana biyu. Ko lauya sai haka.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin komai. Ba ruwana da fasinjan da kowa ya rasa. Ba ruwana da gwangwani biyun da na shanye kafin Abukari ya yi magana, tsakanina da kai sai Allah ya isa. Ba ruwana da Nafissa in ta gaji ta daina kira. In kuma ka duba wayarka ka ga mako uku ke nan Aziz bai sake turo saƙo ba, kada ka neme ni. Musu na ce za ka ci, kuma ka ci.