Gonar Malam Attahiru Ta Tsallaka Benin

"Sannu da hutawa, tsoho."

"Hutu sai masu boko. Sannu da yawo, amarya. Ina kinka baro takalminki guda?"

Mansura ce ta tsaya gaban kakanta, Malam Attahiru, da taɓo har gwiwa. Ɗalibar aikin gona ce, tana horon wata uku a wata ƙungiyar manoman shinkafa ta Bagudo. Aikinta ta zagaya gonar kowane manomi da waya ta auna, sunansa ya shiga jerin masu neman irin shinkafar da ke nuna kafin ambaliya. Da la'asar ranar za a rufe jerin. Ƙauyensu na yamma da Kaoje, dab da iyakar Benin. Da safe tsohon ya ƙi raka ta, ya ce mai awon gona haraji yake nema. Ya ce dai ta bi layin gamba, ita ce iyakarsa.

"Takalmi na cikin fadamarka. Tsoho, gonarka eka nawa ce?"

"Biyu da ɗan ƙari."

"Waya ta ce goma sha ɗaya."

Malam Attahiru ya gyara zama. "Allahu Akbar! Ashe auren 'yar boko na da riba. Shekara hamsin ina noma ban ƙara taku guda ba, ke hantsi ɗaya kin ba ni eka tara."

"Ba abin dariya ba ne. Ogan ƙungiya ya kira, ya ce fiye da rabin gonar ba a Najeriya take ba."

"Wace gamba kinka bi?"

"Wadda ka ce."

"Gajera ko doguwa?"

"Gamba ai gamba ce."

"Kun ji malamar gona! Gajerar ita ce tawa. Doguwar ta Muktar ce, abokina na tsallake. Kin ci ƙasar Benin da ƙafa, ba bindiga, ba fasfo. Ko soja bai yi haka ba."

"Shi ya sa waya ta turo mini saƙo da Faransanci."

"Gaisuwa ce suka yi wa sabuwar gwamna."

"Laifin wa? Miji na ƙwarai ba ya tura amarya daji ita kaɗai. Kai kuwa kana nan kana gadin tabarma, haƙori uku kamar murhu."

"Ukun nan sun ci shinkafar da digirinki bai taɓa shukawa ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba shi ganinsa."

"To babba ya ci gaba da zama. La'asar na yi za a rufe jerin ba sunanka, ni kuma oga ba zai sa hannu a takardar horona ba. Bara ina shinkafarka ta tafi?"

Bara ruwa ya shanye fadamar saura mako biyu a yi yanka.

"Kifi ya ci," ya ce. "Sadaka ce na yi."

"Bana ma sai ka sake ciyar da su. Ni kuwa in koma wurin Malam Muktar. Ya fi ka gona, yau na auna da ƙafata."

"Muktar? Wanda ba shi jin kiran salla sai an taɓa shi? Ki tafi, sadakinki sefa, kuɗin Benin, ki kai kasuwar Kaoje ki ga mai karɓa."

"Ko ba komai shi ya ba ni ruwa na sha."

"Ya gan ki kina auna mishi gona?"

"Har ya nuna mini inda zan bi."

Malam Attahiru ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba. "Tsohon banza! So yake tawa ta shiga cikin tashi a takarda. Ɗauko mini sandata."

"Harajin fa?"

"In sun zo, ki ce musu mijinki ya mutu."

Ya cire malfarsa ya kifa mata a ka, yana dariya har da tari.

"Kin ci, amarya. Mu tafi in nuna miki gajerar gamba. Amma in mun kai wajen Muktar, ki bar mini ko taku goma daga cikin tashi."

"Ko taku ɗaya."

"To wallahi takalmin nan naki, ko na gan shi ba ni faɗi."