Ranar Da Na Yi Wa Jikana Wanka Da Zamzam a Filin Tsere

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'a ba, kuma da ruwan da ya zube yana komawa jarka, wallahi da na durƙusa na kwashe shi da tafin hannuna. Na yi kurakurai da yawa a rayuwa, wasu ma sun fi wannan nauyi a wajen Allah, amma babu wanda nake tunawa in ji kunnuwana sun ɗau zafi kamar abin da na yi wa jikana Ayman a filin tseren motoci na Jidda.

Bari in faɗi ko ni wane ne, don a gane inda girman kan ya samo asali. A Makka aka haife ni, a unguwar Mansur. Kakana ne ya zo hajji daga Kano ya zauna. Karatuna bai yi nisa ba, abin da na sani shi ne sitiyari. Tun ina saurayi nake ɗaukar fasinja daga tashar Kudai zuwa Jidda, har gemu ya yi fari, ido ya fara gardama, 'ya'ya suka karɓe makullin. Saboda haka a gidanmu in dai maganar mota ake, ni ne liman (ko kuma haka nake gani).

Ayman ɗan 'yata Safiyya ne. Hausarsa irin ta 'yan yanzu ce, kalma ɗaya Hausa, uku Larabci. Kakarsa Hajiya kullum cikin tsokanarsa take: "Angona, da wannan bakin za ka je gaida dangina?" Tun yana ƙarami ubansa ke kai shi wajen 'yan motocin nan na yara masu ƙara kamar injin markaɗe. Ni dariya nake, na ce wasa ne, zai bari. Bai bari ba. Da ya tasa aka ɗauke shi a gasar matasa, wadda ake yi da motoci masu kujera ɗaya, tayoyi a waje, direba a kishingiɗe kamar mai shan iska a kwalekwale. Daga irin wannan gasa ake hawa zuwa manyan da ake nunawa a talabijin.

Sai dai abin akwai tsada, ubansa kuwa ma'aikaci ne mai albashi. Wata sharika, wato kamfanin kayan gini, ce ta ɗauki nauyin kujerarsa, kuma mai sharikar bai ɓoye ba: idan shekara ta ƙare yaron bai shiga ukun farko ko sau ɗaya ba, baɗi wani za a ba kujerar. Zagayen Jidda shi ne na ƙarshe. Tsere biyu suka rage masa, na Juma'a da na Asabar.

Shi da kansa ya zo gida ya ce, "Ya Sidi, lazim ka zo ka gan ni." (Sidi, haka jikoki ke kiran kaka a nan; lazim kuwa dole ke nan.)

Mu a gidanmu akwai al'ada tun zamanin kakana. Wanda ya dawo daga tafiya mai hatsari, ko ya tashi daga ciwo, ko ya fito daga jarrabawa, kafin ya zauna sai an ba shi Zamzam ya sha, a shafa masa a ka. Ni kaina duk ranar da Allah ya tsare ni daga hatsari a hanyar Jidda, haka mahaifiyata ke yi mini a bakin ƙofa. To yaro zai shiga motar da ke gudu kamar harsashi, ni kuma in je hannu rabbana? Na cika 'yar jarkata, na sa ta cikin firij har ta yi raɓa.

A ƙofar filin mai gadi ya tare ni. "Mamnu', ya Hajj, ba a shiga da wannan."

Na ce, "Ɗana, Zamzam ne."

Ya dubi gemuna, ya dubi jarkar, ya dubi katin iyali da ke wuyana, ya matsa gefe. (Allah ya yafe masa. Da ya tsaya a kan bakansa, da ya taimaki mutum biyu.)

Garejinsu ya ba ni mamaki. Na saba da gareji mai baƙin mai har gwiwa, wannan kuwa ko asibiti albarka. Kanikawa sun durƙusa suna auna zafin taya kamar masu duba jariri. Sitiyarin ma cire shi ake a ajiye a tebur, ga maɓallai a jiki sun fi na rediyo yawa. Muhandis ɗin Ayman, wato injiniyansa, wani dogon Bamisre mai suna Tarik, ya gaishe ni da ladabi, ya ce yana so ya gaya mini dokokin wajen, musamman abin da ake yi bayan an gama tsere. Ko rufe baki bai yi ba na ɗaga masa hannu.

"Ya muhandis, tun ba a haifi babanka ba nake tuƙi. Ni za a koya wa mota?"

Daga nan na ɓarke da labarin ranar da birkina ya tsinke a gangara da fasinja cike. Ya saurara har ƙarshe, bawan Allah, aka kira shi ya tafi. Ayman na gefe yana sa hular kwano, na ga ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa.

Aka tashi tsere bayan la'asar. Jama'a, ban san akwai irin wannan tuƙi a duniya ba. Ƙarar kaɗai sai da ta shiga haƙorana. Ayman daga layi na uku ya tashi, a matsayi na shida. Akwai wata kwana kusa da inda muke, bango dama bango hagu, inda ni da tuni na taka birki na karanta abin da ya sawwaƙa. Yaron nan sai ya bari har ka ce ya shiga bango, sannan ya taka, motar ta lanƙwasa kamar maciji, ya wuce na gabansa ta cikin kwanar. Sau biyu yana yin haka a gabana. Na ukun kuwa haƙuri ya yi masa. Ya bi shi zagaye bayan zagaye, bai matsa ba bai sake shi ba, har wancan ya gaji ya buɗe masa ƙofa da kansa, Ayman ya wuce. A nan na gane cewa abin da na yi shekara da shekaru jigila ce. Tuƙi shi ne wannan. Yaron da nake aika sayen burodi, ga shi yana lissafi da ransa a hannu, kuma ko gezau.

Aka kaɗa tuta, Ayman na uku.

Kanikawa suka ruga bakin shinge, na bi su da jarkata ina haki. Motoci ukun farko suka tsaya. Ayman ya fito, ya cire hula, gumi kamar an tsamo shi daga rijiya, ya taho wajenmu da gudu ana rungumarsa ta saman shingen. Na kutsa na buɗe jarka na miƙa masa.

Ya ja da baya. "Ya Sidi, ba yanzu ba."

"Sha, Zamzam ne."

"Wallahi ba yanzu ba, daƙiƙa kaɗan, Allah ya bar mana kai."

Ni a kunnena abin da na ji shi ne, yaro ya ci tsere ya fara jin kunyar kakansa a gaban Turawa da Larabawa. Raina ya ɓaci. Na ce da ƙarfi, da Hausa, "Zamzam ɗin kake ƙi? To in ba ka sha ba, ka yi wanka!" Na kama wuyan rigarsa, na ɗaga jarka, na juye masa tun daga ka har cikin ƙirji. Har da bismilla.

Tarik ya ɗora hannu biyu a ka. Wani mai riga ruwan lemo ya taho da gudu yana busa usur. Na ɗaga kai, sai ga ni a ƙaton allon filin, hula a karkace, jarka a sama, baki a buɗe. (Ban taɓa sanin haƙorana sun ragu haka ba sai ranar.)

Abin da Tarik ya so gaya mini tun farko, sai a lokacin na tsaya na ji. Ashe ana gama tsere ake ɗora direba a mizani, a haɗa nauyinsa da na mota, kuma akwai iyakar da ba a yarda a gaza ta ba. Kafin a auna, ko kurɓa ɗaya ba a ba direba. Su kuma kanikawa rage nauyi suke har ya rage ɗan kaɗan a saman iyakar, don mota ta yi gudu. Ayman ya hau mizani yana ɗiga. Nauyi ya cika, amma da ɗan abin da ba wanda zai iya rantsewa cewa na yaron ne ko na ruwana.

Ya hau dandamali, ya ɗaga kofi, rigarsa jagab. Kafin magariba ƙungiyar wanda ya zo na huɗu ta kai ƙara, kuma haƙƙinsu ne. Lajnar alƙalai, wato kwamitinsu, ta kira Ayman. Ina zaune a kan wata taya a bakin ƙofa, jarka tsakanin ƙafafuna, ba mai kallona. Daga baya Tarik ya gaya mini abin da yaron ya faɗa a ciki: laifinsa ne, shi ya je bakin shinge kafin awo, kuma shi ne bai yi wa kakansa bayani ba. Aka soke sakamakonsa, aka karɓe kofin.

Da ya fito na miƙe. Ya sunkuyo ya sumbaci kaina. "Ma'alesh, ba komai ya Sidi. Amma wallahi ruwan akwai sanyi, na ji daɗinsa."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ranar Asabar ban koma ba. A Mansur na zauna, wajen abokina Isa mai tsire, muka kalla a wayar ɗansa. Ashe hotona ya riga ni isowa unguwa. Ina zama Isa ya ce, "A matsa wa Alhaji, mai wankan ango ya iso! Jarkar fa, ko ka bar ta wajen aiki?" Aka kwashe da dariya, na yi kamar ban ji ba. Da aka tashi tseren kuwa duk suka yi shiru, har tsire ya ƙone a wuta. Ayman ya yi tuƙin da ya fi na jiya kyau. Ya bi na uku hanci da wutsiya har tuta, amma wannan karon ba a buɗe masa ƙofa ba. Na huɗu ya zo.

Washegari na sa farar jallabiyata mafi kyau na tafi ofishin mai sharikar, ba tare da na gaya wa kowa ba. Ya karɓe ni da gahawa da dabino. Na ce laifina ne, yaron ya ci na uku a gaban idon kowa. Ya yi murmushi ya ce, "Na gani, ya Hajj, har sau da yawa na gani. Amma ni da abin da aka rubuta nake aiki." Kujerar ta tafi.

Shekara guda Ayman ya yi ba ya tsere. Ya koma filin yara yana koya musu riƙe sitiyari, ran hutu ya bi tsohuwar ƙungiyarsa yana ɗaukar musu taya. Duk Juma'a yana zuwa cin abinci gidanmu, kuma ko sau ɗaya bai tayar da maganar ba. Hajiya ce dai ta riƙe ta. In na nemi ruwa sai ta ce, "A kofi, ko a ka?"

Bana wata ƙaramar ƙungiya ta kira shi gwaji, ta ba shi kujera ta rabin shekara. Motar ba ta kai waccan ba, daga baya yake tashi. Shekarar da na ci masa kuwa ba mai dawo da ita, don a wannan sana'a yaro ɗan ashirin ma tsoho ake ce masa.

Roƙona ga tsofaffi 'yan'uwana shi ne, kada wanda ya maimaita abin da na yi. Furfura ba ta sa ka san dokar gidan da ba ka taɓa shiga ba. In an ce za a yi maka bayani, yi shiru ka ji, labarin birkinka ba ya tsufa. In kuma jikanka ya dube ka ya ce ba yanzu ba, to ka rufe jarkarka ka jira, ko da kuwa Zamzam ne a ciki.