Ranar da Na Kai Kukan Dakko Gidan Wanda Ya Faɗi Zaɓe

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a koyarwa ba, domin a cikinta na kwashi kunyar da har yau take bina. Lokacin ana tsakiyar aikin madatsar Bakolori, ni kuma na fito daga kwalejin horon malamai, an turo ni makarantar garinmu Dakko. Ga keke sabo fil, ga agogo, ga tabarau (lafiyar idona lau, ado ne kawai).

Damuwar gari a lokacin guda ce. An haƙa magudanar ruwa ta ratsa tsakaninmu da gonakinmu. Gonar da da can kake hango ta daga ƙofar gida, yanzu sai ka zagaya da jaki tun hantsi. Ƙaramar gada ake so kafin damina ta faɗi, in ba haka ba gero ya nuna a bar wa tsuntsaye.

Dattawa suka taru a ƙofar mai gari. Kansilanmu, Kawu Sale, mai sayar da goro ne, bai yi boko ba. Ya ce a bar masa zancen, ya san inda zai kai shi. Nan fa shaiɗan ya ɗaga ni tsaye.

Na ce, "Kawu, a yi mini afuwa, ai kansila shi ne matakalar ƙasa. Sama da kai akwai ciyaman a Talata Mafara, sai ɗan majalisa a Sakkwato, sai na majalisar tarayya a Ikko, sai sanata. Duk na san su, na ma rubuta sunayensu a bangon ajina."

Kawu ya ɓantari goro ya ce, "To, Malam, Allah shi ba da sa'a."

Gaskiyar magana, ranar zaɓe ina kwaleji ina fama da jarrabawa. Sunayen nan duk daga hotunan da aka manna a bangon kasuwa na kwafo su. Wanda hotonsa ya fi girma, na yanke cewa shi ne ɗan majalisarmu na Ikko. Ban tambayi kowa ba, wai kada a ce malami bai sani ba.

Kwana uku ina tsara takardar koke. Sai na ji Alhajin nan mai babban hoto yana sunan ɗa a gidansa na Maradun. Na goge riga da dutsen guga, na hau keke.

Na tarar da ƙofar gida maƙil, manya a kan darduma, ana ta raba goro da dabino. Mai hankali zai jira a watse ya gan shi a keɓe. Ni kuwa ina! Na roƙi sanƙira ya yi mini iso, na durƙusa na yi gaisuwa, sannan na miƙe na gyara tabarau.

Na ɗaga murya na ce, "Ranka shi daɗe, mu mutanen Dakko, waɗanda muka sha rana a layi muka jefa maka ƙuri'a ƙwanmu da ƙwarƙwatarmu, muka tura ka Ikko..."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka daɗin bakina ne ya kama su, sai na ƙara wuta. Na ce tun da ya shiga majalisa kullum muna jin muryarsa a rediyo (wallahi ban san inda na samo wannan ba).

Alhaji ya ajiye carbinsa. "Malam, Dakko kac ce?"

"Ita, ranka shi daɗe."

"Ai akwatinku ne ya ƙarasa ni. Ikkon da kake faɗi, ko tasharta ban taka ba."

Wayyo Allah! Dariya ta ɓarke, har wani tsoho ya ƙware da goro. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya nuna gefe da haɓarsa ya ce, "Ga wanda kuka zaɓa can, ya zo taya ni murna. Kai masa."

Na juya. Wani siririn mutum ne da farar riga marar aiki, wanda ban ko gaishe shi ba da na shigo. Kusa da shi kuwa, hannunsu a ƙwarya ɗaya ta fura, Kawu Sale ne zaune.

Kawu ya ce, "Wanga ɗanmu ne, malamin makaranta. Shi ya san ku duka."

Ashe tun asuba Kawu ya iso, ya riga ya gaya wa ɗan majalisar komai, har sun sa ranar da za su je da ciyaman su ga wurin. Takardata ta koma aljihu, ni kuma na koma Dakko ta bayan gari. Da na shiga aji in goge sunan nan, na tarar hedimasta ya riga ni, har ya rubuta na gaskiyar ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

An yi gadar kafin ruwa ya zauna, gero ya shigo gida. Amma mutanen garinmu ba su da dama, suka raɗa mata Gadar Malam, kuma duk wanda ya faɗi sunan sai ya yi murmushi. Tun daga ranar, in magana ta taso kan wa ke wakiltar wa, nakan cire tabarau in nufi teburin mai goro in tambaya.